Shekarun shiga jami'a: yaya abin ya kasance a gidanku?

Maman Hanan: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce a 2024 sai yaro ya cika shekara 18 zai shiga jami'a, hankalina bai kwanta ba sai da Dakta Tunji Alausa ya karɓi ma'aikatar ya mayar da abin 16. Amma ko hakan bai cece mu ba, don 'yata da sha biyar ta gama sakandare. Shekara guda ta yi a gida, safe ɗinki, yamma islamiyya. Ba a rufa wata uku ba surukata ta fara kawo zancen aure. Ku ba mu naku labarin.

Tsohon Hedimasta: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ki yi haƙuri, amma laifin namu ne mu iyaye. A tsarin 6-3-3-4 (shekara shida firamare, uku ƙaramar sakandare, uku babbar sakandare, huɗu jami'a), yaro da shekara shida zai shiga aji ɗaya, da sha takwas zai gama sakandare. Ina shekarun suka tafi? Makarantun kuɗi da yawa sun cinye aji shida, daga aji biyar sai sakandare. Na taɓa hana wani uba tsallakar da ɗansa daga aji huɗu, washegari ya zo ya cire shi. Wai ɗan maƙwabcinsa ya wuce shi.

Abu Sadik: Malam, kuɗin makaranta ne fa. Duk shekarar da aka tsallaka, zango uku ka huta.

Anti Bilki: Nawa da sha shida ya shiga, kuma da zan maimaita da na jinkirta. Karatu yana da kai, amma kuɗin wata a sati biyu yake ƙarewa, wanki sai ya tara ya kawo gida. Duk wanda ya girme shi a ɗakin kwana ubangidansa ne.

Baban Yara: Ku kuna kukan sauri. Mu a ƙauye ɗana sai da ya yi allo da kiwo, da shekara tara ya shiga firamare. Abin da ya dame ni kwamfutar JAMB ce, wato ta jarrabawar shiga jami'a, bai taɓa riƙe ta ba sai ana saura sati biyu.

Maman Hanan: Baban Yara, ya samu kuwa?

Baban Yara: Sai a karo na biyu, Hajiya. Yanzu yana kwalejin ilimi.