Wai su wane ne 'yan sa-kai?

Nura: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a jagule yake. A gidan kula da tsofaffi da nake aiki a arewacin Landan, wata ƙungiyar mawaƙan Yahudawa ta zo da yamma, su kusan ashirin, maza da mata. Da likita a ciki, da direban tasi, da tsohuwar malamar makaranta. Ko sisi ba a ba su ba. Suka rera da Ibrananci da Yidish, har da Ladino, yaren zuriyar waɗanda aka kora daga Sifaniya a 1492. Akwai wata tsohuwa mai ciwon mantuwa, wata uku ina ba ta abinci ban taɓa jin muryarta ba. Wallahi sai ga ta tana bin su baiti-baiti, 'yarta na gefe tana hawaye. 'Yan sa-kai ne fa, duk mako sai sun haɗu sun yi bita. Mu kuwa Hausawan nan, bara mu huɗu muka je dubiya asibiti, biyu ma a mota suka zauna.

Kabiru: 'Yan sa-kai? Malam Nura, gyara bakinka. A Zamfara ɗan sa-kai adda da bindiga yake riƙewa, ba takardar waƙa ba.

Hajiya Rabi: Sa-kai ai sa kai ne, Kabiru. Duk wanda ya ɗora wa kansa aiki ba tilas ba lada. Ku ne kuka ɓata kalmar.

Kabiru: Mu muka ɓata? Hajiya, da girmanki. Ranar da aka kore shanun gidanku kya san wanda ya ɓata.

Auwalu: Ni dai ban yarda ana aikin banza a Turai ba. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai mai zuba musu kuɗi ta ƙarƙashin ƙasa.

Nura: Auwalu, na tambayi direban. Su ke haɗa kuɗin hayar ɗakin bitar daga aljihunsu. Kuma ba yau aka fara ba. Akwai ƙungiyar mawaƙan Yahudawa mai suna Zemel a nan Landan, Dudley Cohen ya kafa ta a 1955, har yanzu tana nan. Akwai irinta mai suna Zamir a Boston ta Amurka tun 1969.

Auwalu: Direba ya faɗa maka, shi ke nan ya zama hujja?

Malam Isiyaku: Kun bar jaki kuna dukan taiki. Maza da mata a sahu ɗaya? Su kansu masu riƙon addini sosai a cikin Yahudawa ba su yarda namiji ya saurari waƙar mace ba, kol isha suke kiran hukuncin. Ranar Asabar ko kayan kiɗa ba sa taɓawa a wurin ibadarsu. Akwai ma ƙungiyar mawaƙansu ta maza zalla a Landan tun 1926.

Tijjani: To ai masu begensu ne kawai, Malam. Mu ma in aka buga mandiri, tsohon da ba ya iya tashi sai ka ga yana kaɗa kai.

Malam Isiyaku: Na san nan za ka. Kawo aya ko hadisi kan mandirin.

Tijjani: Kai ka fara kawo na lasifikar da kake hana unguwa barci da ita.

Sadiya: Ana kashe mutane a Gaza, ku kuna nan kuna yabon waƙa. Allah ya kyauta.

Hajiya Rabi: 'Yata, zafin Gaza duk muna jin sa. Amma Bayahude daban, gwamnatin Isra'ila daban. Tsohuwar da ta manta sunan 'yarta me ta yi miki?

Kabiru: Har yanzu Hajiya ba ta janye maganarta kan Zamfara ba.

Nura: Jama'a, ni fa zancen dubiya na kawo.

Alhaji Bala (shugaban zaure): Ya isa haka. Abin da na fahimta, an yi ittifaƙi cewa kalmar sa-kai ba ta dace da mawaƙa ba, a riƙa cewa masu taimako, don mu da muka fito Gusau mun san nauyinta. Batun kuɗi, Auwalu ya kawo shakku mai ƙarfi. Na mandiri kuma Tijjani bai kawo hujja ba. Hajiya za ta ba Kabiru haƙuri ta waya. Na rufe sharhi.