Musayar Waƙa: Injiniyoyin da Zariya Ta Yaye

Ɗan Samaru

Salamu alaikum. Ƙwar huɗu ce, babban amsa-amo "ya". Mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Allah zan fara,
Mai ba bawa ilmi ya ƙara,
Salati ga Manzo mai bushara,
Sannan in juya Zariya.

Jami'ar ABU, a 1962 aka kafa ta,
Sunan Sardauna aka ba ta,
Samaru ce mazauninta,
Can ake yaye injiniya.

Kafin ta, kwaleji ce a wurin nan,
Ta fasaha da kimiyya, tun can,
Digirin ɗalibanta daga Landan,
Su ne 'yan fari a zuriya.

Ga Maikanti Baru, ɗan jihar Bauchi,
Fannin injina ya yi wa naci,
A 1982 ya gama da inganci,
Daraja ta farko, ba tankiya.

Sussex ta Ingila ta ba shi dakta,
NNPC ya daɗe yana bauta mata,
A 2016 ya karɓi ragamarta,
Shekara uku ya ja tafiya.

A 2020 ya amsa kira,
Allah ya sa ya dace a lahira.
Sai na biyu, ku saurara,
Shi ma sananne ne a duniya.

Farfesa Abubakar Sani Sambo,
A 1979 ya fita da yabo,
Hasken rana ya zamo masa rabo,
A Sakkwato ya riƙe wa masu binciken makamashi cibiya.

Jami'ar Tafawa Ɓalewa ya jagoranta,
A 1995 ya karɓi amanarta,
Hukumar Makamashi ta gayyata,
A 2005 ya riƙe ta gaba ɗaya.

Suleiman Adamu ɗan Kazaure,
Karatun gini da hanya ya jure,
Ministan ruwa zango biyu a jere,
Daga 2015, yana sahun manya.

Da Farfesa Idris Bugaje,
Na sinadarai, mai gwaje-gwaje,
Kadpoly ya riƙe, daga nan ya je
NBTE, mai kula da kwalejojin fasaha na Nijeriya.

Baban Kankare

Ƙanena Ɗan Samaru, ka yi ƙoƙari,
Ka jero kujeru bisa tsari,
Minista da darakta sun sha kirari,
Ina aikin hannu? Ita ce tambaya.

Ɗaruruwa sun fita ba a san su ba,
Ba su hau kujerar Abuja ba,
Ginin da suka tsaya wa bai tsage ba,
Bari in faɗi abin da suka iya.

Buhu ɗaya, kilo 50 na siminti,
Kwano huɗu na yashi, ban da datti,
Takwas na tsakuwa, a auna da akwati,
Ɗaya, biyu, huɗu, a riƙe a zuciya.

Ruwa lita 25 ya ishe shi,
Lebura zai ƙara don ya sauƙaƙe shi,
Ruwan da ya yi yawa ke raunana shi,
In ya ƙafe ya bar huji kamar rariya.

Rodi a lulluɓe shi da kankare,
Milimita 25 a dekin, a tsare,
50 a fandisho, don laima a kare,
Tsatsa kan kumbura ta fasa daga baya.

Ban-ruwa kullum har kwana bakwai,
A rufa jiƙaƙƙen buhu in akwai,
Ranar Arewa ba ta jira, kawai
Ta shanye ruwan kafin siminti ya shirya.

Katakon ƙasan dekin ba ya son gaggawa,
Sati biyu zuwa uku kafin cirewa,
Mai gida na so a ci gaba da hawa,
Injiniyan kirki ya ce a'a, ba kunya.

A ɗebi samfur, kowane gefe milimita 150,
Kwana 28 a ruwa, sai a kai wa injin,
Ya matse har ya fashe, a rubuta ƙarfin,
Wannan takarda ce lambar yabon injiniya.

Ɗan Samaru

Yaya Baban Kankare, na ji na karɓa,
Amma kujerar ma ba ta zama banza ba,
Bututun gas na AKK ba ka tuna ba?
Zamanin Baru aka sa hannu a yarjejeniya.

Sarkin Walda

Sa hannu daban, haɗa ƙarfe daban, Malam. Ga yadda abin yake.

Kilomita 614 tsawonsa,
Inci 40 ne faɗin bakinsa,
Ajakuta ce mafarinsa,
Abuja, Kaduna, a Kano ya tsaya.

Sandar bututu mita 12 ce,
Raba tsawon, lissafi ya ce
Mahaɗa dubu 50 ma an zarce,
Guda ta yi yoyo, an yi asarar dukiya.

A goge baki, a fere shi a karkace,
A ɗumama ƙarfe, laima ta ɓace,
Zubin farko ne ake so a dace,
In bai ratsa ba, sauran duk kwalliya.

Sandar walda in ta sha raɓa,
Iskar haidurojin ke shiga gaɓa,
Tsagar ba za ta fito nan take ba,
Sai ta kwana biyu tana ɓuya.

Don haka kowace mahaɗa a haska ta,
Da hoton eksire ko sauti a duba ta,
In an ga kumfa, a yanke a sake ta,
Sannan a naɗe da rigar kariya.

Kafin gas, ruwa ake ɗura masa,
Matsi ya fi na aiki da rubu'insa,
Awa 24 ido na kan agogonsa,
Allura ta sauka, babu lafiya.

Ƙasa mai laima tana cin ƙarfe,
Sai a binne wani ƙarfen a gefe,
Tsatsa ta bar bututu, can ta lafe,
An haɗa su biyun da waya.

A 2020 aka ƙaddamar da aiki,
Rashin kuɗi ya sha taka masa birki,
Haƙa ƙarƙashin kogin Neja, abin mamaki,
Na cikin gaɓoɓin da suka fi wuya.

Inna Mai Awo

Sannunku 'ya'yana, kun yi bayani,
An ambaci ministan ruwa, to ga ni,
Madatsa kan yi shiru duk tsawon rani,
Sai Agusta ake sanin gaskiya.

Kashimbila a Taraba, kan kogin Katsina-Ala,
Megawat 40 take da shi tun da ta kammala,
An gina ta don tare wata matsala,
Tafkin Nyos na Kamaru in ya biyo hanya.

Zamanin Suleiman aka ƙarasa ta,
Wannan a rubuta masa, ya cancanta,
Dokar ruwansa kuwa majalisa ta ƙi ta,
Ta mutu a cikin hayaniya.

Agustan 1988 Bagauda ta fashe,
Satumbar 2024 Alau ta kwashe
Unguwannin Maiduguri, gidaje suka rushe,
Ga alamomin da ake bibiya.

Ruwan gindin bango mai tsatsafowa,
In garau yake, a ci gaba da aunawa,
In ya yi laka, ƙasar ciki ke fitowa,
Rami ne ke girma a tsakiya.

Kar a bar itace ya girma a kai,
Saiwa in ta ruɓe, ruwa zai bi ta sosai,
Ramin gafiya da shurin gara a duba dai,
A cike, a daddaɓe da jar ƙasa mai juriya.

Ƙofofin sakin ruwa, tun watan Mayu,
A sa musu giris, a buɗe sau biyu,
Wadda ta cije a gyara ta rayu,
Kar a gano ta ranar ambaliya.

Laka na taruwa shekara da shekara,
Cikin madatsa raguwa yake, ba ya ƙara,
Littafin ma'auni a cika shi, a gyara,
Mai riƙon sa ba a faye yi masa godiya.

Mai Sola

Inna, a ba ni fili in taɓa na Farfesa,
Cibiyar Sakkwato ce fagen aikinsa,
Murhu mai tsimin itace na cikin kayansa,
Da akwatin busar da amfani, ba shanya.

Faranti ya kalli kudu, kar a kwantar,
Digiri 13 a Sakkwato a karkatar,
Ruwan sama ya samu ƙurar da zai fitar,
A bar tazara da rufi, iska ta kewaya.

Mutane na zaton zafi ne ribarsa,
Haske yake so, zafi na rage ƙarfinsa,
Kowane digiri sama da 25 a jikinsa
Na cin kusan rabin kashi cikin ɗari na moriya.

Ƙurar hunturu a wanke duk sati,
Da sassafe, tun da sanyi a faranti,
Ruwa kan gilas mai zafi, cikin minti
Yana iya tsaga shi, sai a sake saya.

Wat 300 na faranti sau awa biyar na rana ka bi,
Cire rubu'i na asara kafin ka yi zaɓi,
Batirin ruwa kar a zuƙe ya wuce rabi,
Mai zuƙe shi ƙaf zai ga saurin gajiya.

Autan Zaure

Iyayena, ga tambayar autan zaure:
Mai sabon digiri da ke son ya ɗaure
"Injiniya" a gaban suna ya more,
Ta ina zai bi? A haska mana, Yaya.

Baban Kankare

Auta, karatun shekara biyar ne,
Wata shida a masana'anta dole ne,
SIWES ke nan, a aji huɗu ne,
Littafinsa a cika shi ba ƙarya.

A fara duba ko COREN, hukumar rajistar injiniyoyi, ta amince
Da kwas ɗin a shekarar da aka wuce,
In ba haka ba, rajista sai ta kauce,
Tun daga nan wasu ke komawa baya.

Bayan digiri sai shekara huɗu
Ƙarƙashin mai rajista, ba gudu,
Zane da lissafi da fili su haɗu,
Kowane aiki a yi masa ajiya.

Rahoto kar ya zama "mun yi, mun gama",
Faɗi naka: nauyin da ka lissafa a sama,
Girman rodin da ka zaɓa, dalilinsa ma,
Kwamitin ganawa ba ya son tatsuniya.

COREN, dokar 1970 ta haife ta,
NSE, ƙungiyar injiniyoyi, tun 1958 a Landan aka kafa ta,
Ta farko lasisi, ta biyu zumunta,
Da yawa na ɗaukarsu abu ɗaya.

Zama Felo, babban matsayi a NSE, sai an daɗe ana yi,
Akadamin Injiniyoyi ta 1997 kuwa zaɓe ake yi,
Manya ke zama su duba abin da ka yi,
Su suke kira, ba a roƙo ko biya.

Hatiminka kar ka ba kowa aro,
Zanen da ba ka duba ba, ka ji tsoro,
In ya rushe, kai za a kai gaban taro,
A soke rajista, ga kuma diyya.

Ɗan Samaru

Yaya, jerin nawa bai cika ba,
Injiniyoyin noma ban taɓo ba,
Bayero da Kadpoly ba su yi magana ba,
Su zo da nasu, ban da gardamar tsiya.

Matatar Kaduna ta 1980 na jira,
Ganga 110,000 a rana bayan an ƙara,
Me ya tsayar da ita? Ɗan sinadarai ya fara,
Daga bututun ɗanyen mai har tukunya.