Maganaɗisun da na naɗa ya kasa ɗaga cokali

Baban Yara, Makka: Assalamu alaikum. An ba ɗana aikin makaranta ya haɗa maganaɗisun lantarki. Mun yi wa ƙusa naɗin waya 50, muka jona da batir mai bolt 1.5, sai allura biyu kawai ta kama. Yaron har ya yi kuka. Waɗanda suka taɓa yi, ina muka kuskure?

Mai naɗin kwayil, Jidda: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka kankare fentin bakin wayar da sanfefa kafin ka jona? Sau da yawa daga nan ne. Kuma naɗi 50 ya yi kaɗan. Ni waya mai kaurin milimita 0.5 na samu daga tsohuwar taransifoma, na yi naɗi 300 a kan ƙarfe mai tsawon santimita 10 da kaurin santimita 1, duk ta gefe guda. Wayar ta kai mita 10, juriyarta, wato yadda take tauye wucewar lantarki, wajen om 0.9. Garaje ya sa na ɗora ta a batirin mota mai bolt 12: amfiya 13 ke nan na lantarki ke bi ta wayar, sama da wat 150 a cikin ɗan abin da bai fi yatsa ba. Kafin in cire, fentin ya ƙone, tabon yana hannuna har yau. Don Allah kada yaro ya kusanci batirin mota.

Malamar kimiyya, Madina: Lissafin ƙarfin maganaɗisun ba wuya, Alhaji. Ka ninka yawan naɗi da amfiya, ka raba da tsawon naɗin a mita, ka ninka da 0.000001257, amsar za ta fito a tesla, ma'aunin ƙarfin maganaɗisu (militesla 1000 ne tesla 1). Naɗi 300, amfiya 1, mita 0.1: militesla 3.8, in babu ƙarfe a ciki. Ƙarfe yana ninka wannan sosai, amma ɗalibaina sun sha mamaki da muka gwada, domin miƙaƙƙiyar ƙusa ba ta ba da abin da takarda ta ce. Ƙarfin yana fita ta baki ɗaya, sai ya zaga ta iska kafin ya komo ɗaya bakin, a nan yake zubewa. Da muka lanƙwasa ƙarfen bakin biyu suka dafe faranti guda, sai da ɗalibi ya sa ƙarfi kafin ya ɓamɓare shi. Na William Sturgeon ma, Baturen da ya fara ƙera maganaɗisun lantarki, a 1825 lanƙwasasshe ne, naɗi 18 kacal, ya ɗaga kusan kilo 4. In an kai tesla 1, kowace santimita murabba'i tana riƙe kimanin kilo 4, amma ko takarda ce ta shiga tsakani, riƙon ya ragu.

Mai naɗin kwayil, Jidda: Gaskiya ne, Malama. Zafin garinmu ma yana rage ƙarfin: jan ƙarfen wayar na ƙara juriya kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane ƙarin digiri na zafi.

Baban Yara, Makka: Fentin ne wallahi, ba mu kankare shi da kyau ba. Mun kai naɗin 250, yanzu cokula uku yake ɗagawa. Gobe za mu je wurin maƙeri a lanƙwasa mana ƙarfe. Allah Ya saka muku da alheri.