Tallafin bincike na haɗin gwiwa: TETFund za a fara nema ko na waje?

Likitan Dabbobi, Vom:
Assalamu alaikum malamai. Ana son haɗa tawaga a Jos don bincike kan cutar bakkale (wadda ƙwayar Brucella ke haddasawa), tsakanin shanu da masu shan nonon da ba a dafa ba: likitan mutane, likitan dabbobi, masanin ƙwayoyin cuta da masanin halayyar al'umma. Wace ƙofa ta fi dacewa a fara ƙwanƙwasawa? Kuma mene ne ya fi kayar da irin wannan takardar neman tallafi?

Malami a Jami'a, Jos:
Wa alaikumus salam Dokta. A fara da gida. TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantun gwamnati, na da asusun bincike na ƙasa, NRF, kuma matakinsa uku ne: gajeriyar takardar manufa, sai cikakkiyar takarda ga waɗanda suka tsallake, sai a kira jagora ya kāre ta a gaban kwamiti. Jagoran dole ya fito daga makarantar gwamnati da TETFund ke tallafa wa, don haka mutumin cibiyar binciken dabbobi ta Vom zai shiga ne a matsayin abokin bincike, ɗan jami'a ya riƙe tuta. In ba ku da sakamakon gwajin farko ko kaɗan, ku nemi ƙaramin tallafin IBR, wato kuɗin binciken cikin makaranta da TETFund ke bayarwa ta hannun jami'a, tukuna, ku ɗebi jini a ruga biyu ko uku. Masu tantancewa sun fi yarda da wanda ya taɓa shiga ruga.

Abin da ya fi kayar da mutane kuwa, tawagar jeka-na-yi-ka. A jera sunaye biyar daga tsangayoyi biyar, amma in ka cire uku aikin bai rasa komai ba. Kowane buri a takardar ya zama yana jingine da wani: jinin da aka ɗiba a asibiti daga masu zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya da taifot, a bi shi har garken da nonon ya fito. Nan ne likitan dabbobi ya zama dole. Kuma ban ga masanin ƙididdiga a jerinku ba. Ku sa shi tun kafin a rubuta layin farko, shi zai faɗi yawan mutane da shanun da za a gwada. Shanun garke ɗaya suna kamuwa tare, saboda haka saniya 300 daga garke 5 ba daidai take da 300 daga garke 60 ba.

Jami'ar Tallafi, Abuja:
Malam ya yi gaskiya. In kuma kun hango na waje, ga abin da za ku tarar. NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka, ba ta karɓar takarda sai makarantarku na da lambar shaida ta NCAGE, da rajista a shafin gwamnatin Amurka na SAM.gov mai ba da wata lambar shaida ta UEI, da rajista a shafukan miƙa takarda na Grants.gov da eRA Commons. Wannan kaɗai kan ci sati shida ko fiye, kuma rajistar SAM kowace shekara ake sabunta ta. In ta mutu ranar rufewa, shi ke nan. Sabuwar takardar R01, wato babban tallafin bincikensu, ana rufe karɓarta 5 ga Fabrairu, 5 ga Yuni da 5 ga Oktoba. Burin bincike shafi ɗaya ne, tsarin aiki shafuka 12. In jagora ya wuce ɗaya, sai an haɗa takarda ta daban mai bayyana wa ke yanke hukunci kan me, da yadda za a sasanta in an saɓa. Kuɗin hidimar makaranta da suke ba cibiyoyin waje kashi 8 cikin 100 ne kacal, don haka ku zauna da ofishin kuɗi tun da wuri, kada a zo ana jayayya bayan kuɗi sun sauka. A Mayun 2025 sun sauya ƙa'idar raba wa abokan aiki na ƙasashen waje kuɗi, ku karanta sanarwar da ke aiki yanzu kafin ku dogara da wani abokin Amurka.

Ni da gidauniyar Wellcome ta Ingila zan fara duba muku, don tana yarda jagora ya kasance a ƙasa irin tamu.

Masanin Ɗakin Gwaji, Jos:
Hajiya, a ƙara da kasafi, don a nan aiki ke mutuwa a shekara ta biyu. Sinadaran gwaji da dala ake sayo su, tallafin gida kuwa da naira yake zuwa, kashi-kashi, kuma kashi na gaba ba ya fitowa sai an kai rahoto da rasit na baya. Abokin aiki ɗaya ya ƙi kawo rasit, kowa ya tsaya. Ku sa kuɗin dizal ko sola na firizar da ke riƙe sanyin 80 ƙasa da sifiri. Kwana biyu ba wuta, jinin wata shida ya tafi.

Kada kuma ku rubuta cewa za ku noma ƙwayar Brucella in ba ku da ɗakin gwaji mai tsaro mataki na 3, tana kama ma'aikata cikin sauƙi. Ku tace jinin da gwajin Rose Bengal, ku tabbatar da gwajin ELISA, noman a bar wa inda ke da kayan, da wasiƙar amincewarsu a haɗe.

Malami a Jami'a, Jos:
Na manta izini. Kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti daban, na dabbobi daban, kuma takardar neman yardar mutane a shirya ta da Hausa da Fulatanci. Duk samfurin da zai fita ƙasar nan sai da yarjejeniyar miƙa samfuri, MTA, da aka kai wa NHREC, kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa. Sannan a rubuta tun yau sunan wa zai fara a kowace maƙala, kowa ya sa hannu.

Likitan Dabbobi, Vom:
Allah ya saka da alheri. Kuɗin zama da arɗo da sufurin shiga ruga fa, ƙarƙashin wane layi ake sa su?

Jami'ar Tallafi, Abuja:
Zama da arɗo a wayar da kan al'umma, Dokta, mota da mai a tafiye-tafiyen aiki. Ku lissafa da farashin damina, lokacin da sai an hau babur.