Ina mai suna? Kwamfutar da ke zaune cikin kwamfuta

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu harkar kwamfuta a Maraɗi. Akwai abin da muke sayarwa kullum amma ba mu da sunansa da Hausa. Masu Faransanci na cewa "machine virtuelle", sauran mu kuma VM.

Ga abin a taƙaice. Ka samu uwar garke guda mai ƙarfi, wato babbar kwamfutar da ke yi wa wasu hidima, ka ɗora mata babbar manhajar Linux, sai ka yanka ta kashi-kashi. Kowane kashi shi ne VM, da nasa rabon ram (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) da faifai da babbar manhajarsa, ana kunna shi ana kashe shi ba tare da na kusa ya sani ba. Wani shiri mai suna KVM ne ke wannan rabo, yana cikin Linux tun 2007, yana aiki tare da wani shirin mai suna QEMU da Bafaranshe Fabrice Bellard ya ƙirƙiro. Yawancinmu ta Proxmox muke taɓa su, wani shirin sarrafa VM wanda aka gina kan Debian, wani nau'in Linux. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, kamfanin IBM na yin ta tun shekarun 1960.

Na fara da "kwamfutar bogi". Wani Alhaji mai shago a babbar kasuwa ya zo neman inda zai ajiye lissafin kayansa, ina faɗin haka ya tura hula baya ya ce, "Yaro, kuɗina zan ba ka a kan bogi?" Kuma da gaskiyarsa. Abin yana lissafi, yana ajiya, yana ɗaukar shafin intanet. Ina bogin?

Wani ƙanena ya kawo "kwamfutar haya". Ta yi wa ciniki daɗi, sai dai ana hayar inji sukutum, kuma ɗalibin da ya kafa VM a kwamfutarsa a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo bai biya kowa haya ba. "Kwamfutar inuwa" kuwa ban tsaya kanta ba, inuwa ba ta cin wuta.

Ni na tsaya kan "kwamfutar goyo", injin da ke ɗauke da ita kuma "uwar goyo". Ranta daban, amma cinta da shanta daga uwa suke. Wuta ta ɗauke, uwa ta faɗi, duk goyon ya faɗi tare. Kuma ana iya sauke ta daga wannan bayan a mayar wa wata uwar tana cikin aiki, abin da KVM ke yi ba tare da an kashe ta ba.

Wata malama ta ce, "Malam, wace uwa ke goya talatin?" Na ce Hajiya, nan dai sunan ya ɗan yi ɗingishi, na yarda. Amma ko a zahiri wanda ya cika wa uwar garke goyo fiye da ram ɗinta, kiran abokan ciniki zai hana shi barci.

Saura KVM kansa. "Mai rabo" nake tunani. 'Yan Damagaram da Katsina, me kuke ce masa a can?