Rabon Laifi Tsakanin Mai Gini da Wanda Ya Ji Rauni

A wata tattaunawa kan neman diyya bayan jin rauni a ginin wani, shawarar da aka fi nanatawa ita ce, wanda ya zame a jiƙaƙƙen daɓe ko ya faɗo daga karyayyar matakala kada ya ɗauka cewa sakacinsa ya hana shi diyya gaba ɗaya. A Ingila, tun wata doka da aka yi a 1945, kotu tana rage diyyar ne gwargwadon laifinsa: idan kashi 30 cikin ɗari nasa ne, sai ya karɓi 70. Sai dai a wasu jihohin Amurka, kamar Alabama da Birjiniya, ɗan sakaci yana iya jawo masa asarar komai, kuma a ganina wannan tsaurin ya wuce kima. An kuma ba shi shawarar ɗaukar hoton wurin nan take, kafin mai ginin ya gyara.