Na sa wa layukan haɗi kibiya, daidaituwa ta watse

Mai tambaya: Assalamu alaikum malamaina. Ina aikin digiri na biyu a kan samfurin Kuramoto na 1975, wato lissafin yadda abubuwa masu bugu, kowane da nasa saurin, ke kama bugu ɗaya in an haɗa su. Kowane abu mahaɗa ce, layuka ne ke haɗa su. Muddin kowane layi yana kai tasiri gaba da baya, da na ƙara ƙarfin haɗi sai mahaɗan su kama bugu ɗaya. Amma da na ba kowane layi kibiya da ka, tasiri na tafiya gefe ɗaya kawai, sai suka rabu gida-gida, ƙarin ƙarfi bai haɗe su ba. Shin kibiya kan lalata daidaituwa ne, ko in sake duba lissafina? Lokacin gabatar da aiki ya matso, abin ya dame ni.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam ƙanwata. Fara ƙirga mahaɗan da babu kibiyar da ke shiga cikinsu. Irin wannan mahaɗa ba ta jin kowa, da nata saurin take tafiya. In sun kai biyu, kamar sahu ɗaya ne da limamai biyu. Dole a sami tushe guda da tasirinsa ke isa ga kowa ta bin kibiyoyi. Duba matiriks ɗin Laplace, wato jadawalin lambobin da ke nuna wa ke tasiri a kan wa: in sifili ya fito fiye da sau ɗaya a cikin ƙimominsa (eigenvalues), babu wannan tushen, kuma ƙara ƙarfi ɓata lokaci ne.

Amsa ta biyu: Gaskiyar Malam. Ki duba manhajarki ma. A NetworkX, manhajar tsara mahaɗai da layuka, A[i][j] kibiya ce daga mahaɗa i zuwa mahaɗa j, alhali lissafinki tasirin da ke shigowa i yake so, sai kin juya matiriks ɗin, A[i][j] ya koma A[j][i]. Sannan wajen fitar da ƙimomin ki bar umarnin eigh na manhajar lissafi ta NumPy, rabin matiriks kawai yake karantawa, ba zai ma yi miki ƙorafi ba. Umarnin eig za ki kira.

Amsa ta uku: Ni ban yarda a ɗora wa kibiya laifi ba, da ka ɗin ne matsalar. A 2006 Nishikawa da Motter sun nuna cewa tsarin da ya fi sauƙin yarda da daidaituwa mai kibiya ne: tushe ɗaya, babu zagayen da ke komawa baya, kowace mahaɗa na karɓar tasiri daidai da 'yar'uwarta. Sai dai in jerin ya yi tsawo, kafin na ƙarshe ya kama bugu akan jima. Ki gwada wannan tsarin da naki na da ka a kan layuka iri ɗaya, babi guda ke nan.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na duba, akwai marasa kibiyar shiga da yawa. Malam, in cire su ko in juya musu kibiya ɗaya-ɗaya?

Amsa ta farko: Juya, ki bar guda. In kin cire, kin canza tsarin da kike auna wa.